Daga Kwanar Gafan Zuwa Tukunyar Rimin Kebe: Inda Kayan Miya Ke Maƙalewa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano tsakanin Fabrairu da Maris, da ya wuce Kura ya doshi Kwanar Gafan, ja ne zai cika masa ido. Kwandunan tumatir ne jibge a gefen titi, an rufe bakinsu an ɗaure, 'yan dako na cicciɓa suna miƙa wa na saman mota. Yawancin manyan motocin nan Kudu suka nufa: kasuwar Mile 12 ta Legas, da Fatakwal, da Anaca. A irin wannan lokaci farashi kan faɗi warwas, har manomi ya zauna ya yi lissafi ya ga kuɗin tsinka da na kwando da na mota sun cinye abin da zai samu. Sai ya yanyanka ya baza a ƙasa ya bushe ya zama kauɗa. Wani ma a gona yake barin sa ya ruɓe.

Wata uku zuwa huɗu bayan nan, ruwa ya sauka, noman rani ya ƙare, labari ya sha bamban. Matar gida a Rimin Kebe ko Bachirawa ko Ɗorayi za ta aiki yaro da Naira ɗari biyu wurin mai kayan miya, ya dawo da ƙwaya uku a leda, ɗaya ta fashe. Tsakanin gonar da aka bar tumatir ya ruɓe da tukunyar da ta rasa shi, tafiyar ba ta wuce ta awa ɗaya a mota ba.

Kano ba garin da ya rasa abinci ba ne. Dawanau na cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. 'Yankaba, a kan hanyar Haɗeja, ba ta rabuwa da albasa, attaruhu, kabeji, karas da ganye. 'Yan Lemo da ke Na'ibawa kullum sauke lemo da ayaba da abarba ake yi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ke shayar da dubban kadada a Kura, Bunkure da Garun Malam. Amma binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 37 cikin 100 ne. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Gaskiya ne alƙaluman sun haɗa da ƙauyuka, sai dai duk wanda ya leƙa sashen yara masu tamowa a asibitocin cikin birni ya san ba daga ƙauye kaɗai ake kawo su ba.

Abin da lissafi ya nuna

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da wani ma'auni da ya kamata kowane kansila ya haddace. Tana duba abinci mafi araha a kasuwa wanda idan aka haɗa shi zai ba babban mutum abin da jikinsa ke buƙata a yini: hatsi, wake ko gyaɗa, ganye, 'ya'yan itace, ɗan nama ko kifi ko ƙwai, da mai. A Oktoban 2023 kuɗin wannan haɗi Naira 703 ne. Zuwa Yunin 2024 ya kai Naira 1,241, lokacin da hauhawar farashin abinci take sama da kashi 40 cikin 100. Arewa maso Yamma ce ta fi ko'ina sauƙi, ƙasa kaɗan da Naira dubu. To a ɗauki Naira 950, a ninka sau shida saboda mai gida da matarsa da yara huɗu, a sake ninkawa sau talatin: Naira 171,000 a wata. Ko an rage wani abu saboda yara ba sa cin na manya, ina za a kai? A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 30,000 ne, sai a watan Yuli aka mayar da shi 70,000. Mai faci da ɗan dako da mai tura kurar ruwa kuwa ko wannan ɗin ba su da tabbacinsa.

Idan kuɗin cefane ya gaza, akwai tsarin da abubuwa ke fita daga tukunya, kuma kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Nama ne ke fara tafiya, sai kifi da ƙwai. 'Ya'yan itace dama sai mutum ya kwanta ciwo ake kawo masa, ko da azumi. Daga nan sai ɗanyen kayan miya ya koma na gwangwani ko na leda, wake ya ragu a cikin garau-garau har sai an tona kafin a gan shi. Abin da ke saura a ƙarshe shi ne shinkafa ko taliya da mai da yaji. A farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur na 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar Naira, mutane a Kano sun koma sayen afafata, tsakin shinkafar da a da masu kiwon kifi ake sayar wa, mata masu gurasa kuma suka fito titi suna kokawa da tsadar fulawa.

Ciki na iya cika da irin wannan abinci, jiki kuma ya ci gaba da ƙaranta. Wancan bincike na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini, yara ƙanana kuma kashi 68. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5. A unguwannin da muke magana a kansu an juya abin: miyar da ta rasa nama da kayan lambu, ɗanɗanon dunƙule ake ƙara mata don ta ciwu. Shi ya sa a gida ɗaya za ka samu jariri mai tamowa da kaka mai hawan jini, ga mai gida ana cewa suga ya kama shi.

Teburin bakin lungu

Don a gane inda tsadar ke shiga, sai a tsaya wajen mai kayan miya na bakin lungu a kalli yininsa. Da an idar da sallar asuba yake neman a-daidaita-sahu zuwa 'Yankaba. Jarinsa bai kai na kwando guda ba, don haka ba daga hannun wanda ya kawo kaya daga gona zai saya ba, sai daga na biyu ko na uku, bayan dillali ya cire la'adarsa. Zai ɗauki rabin kwandon tumatir, ɗan attaruhu da tattasai, albasa, damin alayyahu ɗaya. Ya biya ɗan dako, ya biya kuɗin mota da na kaya, ya dawo unguwa wajen hantsi. Sai ya zazzage a kan buhu ya fara tsincewa. Na saman kwando lafiyayye ne, na tsakiya ya ɗan yi laushi, na ƙasa kuwa nauyin 'yan uwansa ya matse shi ruwa na tsiyaya. Ya kasa kashi-kashi, na ɗari, na ɗari biyu, na ɗari biyar, ya riƙa yayyafa wa alayyahun ruwa yana ja masa inuwa da tsumman buhu.

Daga nan tsere ne tsakaninsa da rana. Duk yaron da ya zo sai ya ce a yi masa gyara, wasu kuma saƙo suke kawowa: Umma ta ce a ba da na ɗari biyu, da yamma in Baba ya dawo za a kawo. Ba zai iya hanawa ba, maƙwabta ne, kuma tumatirin ba jiran gobe zai yi ba. Kafin magariba duk abin da ya fashe ya tattara ya sayar wa mai abincin sayarwa a rabin kuɗi. Saboda haka farashin da ya ɗora wa lafiyayyen da safe ya ƙunshi kuɗin wanda zai lalace da yamma, da bashin da ba za a biya ba. Mutane kan ce masu tebur sun cika tsawwalawa. Ni dai ban ga wanda ya gina gida da teburin kayan miya ba.

Wanda ke da hali ba ya biyan wannan kuɗin. Ranar Asabar yake shiga 'Yankaba da motarsa, ya sayi kwando, a markaɗa a tafasa a zuba a firiza, in babu wuta a tayar da janareta ko sola ta riƙe. Lokacin kaka ya sayi buhun wake da na masara ya ajiye. Talaka kuwa gwangwani-gwangwani yake awo, mai ma na ƙulli yake saya, kuma duk sanda aka raba kaya zuwa ƙaramin ma'auni sai an ɗora riba. Idan aka auna da kilo, mazaunin Rimin Kebe ya fi mazaunin Nasarawa GRA sayen tumatir da tsada.

Akwai wani abu da masu tsara manufofi daga Abuja kan manta. A gidaje da yawa na Kano matar aure ba ta zuwa kasuwa. Mai gida ne ke cefane, ko ya bar kuɗi da safe ya fita nema, yara su yi aike. Ke nan abin da zai shiga tukunyar rana shi ne abin da ake samu a iya inda za a aiki yarinya 'yar shekara takwas ta je ta dawo ba ta tsallaka babban titi ba. Kasuwa mai araha da ke nisan kilomita biyar, ga wannan gidan, da ita da babu duk ɗaya.

Sai makamashi. Wake abinci ne mai gina jiki, kuma a nan ake noma shi, amma yana cin wuta. Matar da ke sayen gawayi na ɗari biyu ko take cika ƙaramar tukunyar gas kilo ɗaya-ɗaya ta san taliyar leda minti biyar take nuna. Ba rashin sani ke sa ta zaɓi taliyar ba. Ina faɗin haka ne saboda yawancin abin da ake kashe wa kuɗi da sunan inganta abinci a unguwanni wayar da kai ne: a tara mata a ƙarƙashin rumfa a nuna musu hoton kifi da ƙwai da gwanda. Matar da kakarta ta koya mata kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da miyar taushe da kabewa, da faten tsaki mai yakuwa da rama, ba darasin haɗa abinci ta rasa ba. Hatta bitamin A da doka ta wajabta a saka a man girki da sukari da fulawa tun farkon shekarun 2000, ba lallai ya iske ta ba, domin man da ake ɗura wa a tsohuwar robar ruwa a jera a rana ba a san daga ina ya fito ba, hasken rana kuma lalata bitamin ɗin yake yi.

Babban kanti ba ya cikin maganin. An buɗe Shoprite a Ado Bayero Mall a 2014, ya rufe a farkon 2024, kuma a shekaru goman nan babu abin da ya canza a miyar unguwar Kurna. Ko a Amurka, inda aka zuba kuɗi don jawo manyan kantuna zuwa unguwannin marasa ƙarfi, wani bincike da aka wallafa a 2014 kan wata unguwa a Filadelfiya ya gano cewa buɗe sabon kanti bai ƙara yawan ganye da 'ya'yan itacen da mazauna ke ci ba.

Abin da wani birni ya yi da filayensa

Birnin da ya fi dacewa Kano ta duba yana Burazil. Belo Horizonte, babban birnin Jihar Minas Gerais, na da mutum fiye da miliyan biyu, ga unguwannin talakawa maƙale a jikin tsaunuka. A 1993 sabon magajin gari, Patrus Ananias, ya kafa sashe guda a gwamnatin birnin wanda aikinsa kawai shi ne wadata gari da abinci, bisa matsayar cewa abinci haƙƙin ɗan gari ne kamar makaranta da asibiti. Abin lura shi ne gwamnatin ba ta shiga saye da sayarwa ta kori 'yan kasuwa ba. Ciniki ta yi da su.

Ga yadda cinikin yake. Birnin na da filaye a wurare masu cunkoson jama'a, inda kowane ɗan kasuwa ke kwaɗayin kafa rumfa. Sai aka ce za a ba da su ta hanyar takara a fili, da sharaɗi: wanda ya samu zai sayar da kayan lambu da 'ya'yan itace wajen iri 20 a kan farashin da birnin ya ƙayyade tare da 'yan kasuwar, wanda ya yi ƙasa sosai da na sauran kasuwanni. Sauran kayan da ke rumfarsa ya sayar yadda ya ga dama. Farashin kuma ɗaya ne a kan kilo, mai saye ya cika jakarsa da kabeji da lemo da dankali a haɗe a ɗora a sikeli. Ana kiran shirin ABasteCer. Waɗanda suka samu wurare mafi tsoka an ƙara musu wani nauyin: duk ƙarshen mako su loda kaya a mota su kai unguwannin bayan gari su sayar a kan farashin nan. Jami'an birni na zagayawa suna duba inganci da sikeli, wanda ya saɓa ya rasa wurinsa. Ɗan kasuwa bai yi asara ba, don ya samu wuri mai araha da tururuwar masu saye. Kantunan da ke kusa da rumfunan kuma dole ta sa suka sassauta nasu farashin.

An kuma ware wa ƙananan manoma na kewayen birnin wuraren da za su kawo kayansu su sayar kai tsaye, ba dillali a tsakani. Jami'ai na bin kantuna suna rubuta farashin kayan masarufi wajen iri 45, a liƙa a tashoshin mota a sanar a rediyo da jarida, kowa ya san inda ya fi sauƙi. A 1994 aka buɗe gidan abincin jama'a a tsakiyar gari, inda shekara da shekaru ana cin shinkafa da wake da nama da ganye da ɗan 'ya'yan itace a kan kuɗinsu real ɗaya. Ba a tambayar kowa takardar shaidar talauci, ma'aikacin ofis da mai kwana a titi layi ɗaya suke bi, don haka cin abinci a wurin bai zama abin gori ba. Daga baya gidajen suka ƙaru, suna ciyar da mutum fiye da 10,000 a yini.

Cikin kimanin shekara goma mutuwar jarirai a birnin ta ragu da fiye da rabi. Ba za a ce abinci kaɗai ya jawo haka ba, don a daidai lokacin an inganta kiwon lafiya da ruwan sha a faɗin ƙasar. Amma duk shirin bai ci kashi 2 cikin 100 na kasafin birnin ba, kuma ya rayu bayan wanda ya kafa shi ya sauka a 1996, abin da mu a nan muka fi kasawa. Da shugaban Burazil Lula da Silva ya ƙaddamar da yaƙi da yunwa a 2003, an ɗauki darasi daga Belo Horizonte, a 2004 kuma ya naɗa Ananias minista. Wata dokar Burazil ta 2009 ta wajabta aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da tarayya ke bayarwa don ciyar da 'yan makaranta a kashe su wajen sayen amfanin ƙananan manoma.

Legas ta ɗan gwada wani abu mai kama da haka. A Disambar 2023 ta buɗe kasuwar ɗanyen kaya ta zamani a Mushin, a Maris 2024 kuma ta fara kasuwannin ranar Lahadi na Ounje Eko da rangwamen kashi 25 cikin 100. Sai dai rangwamen daga aljihun gwamnati yake fita, ranar da aljihu ya yi sanyi shi ke nan. A Kano kuwa abin da aka fi tunawa daga wancan lokaci shi ne rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye kaya. Ya kwantar wa jama'a da rai na 'yan kwanaki. Alayyahu da tumatir dai ba a ɓoye su a rumbu.

Abin da ke hannu

Kano na da irin jarin da Belo Horizonte ta yi ciniki da shi, wato fili. Ƙananan hukumomin cikin birni su ke da kasuwannin unguwa, su ke yanka rasit kullum. Abin da muka saba gani shi ne duk inda fili ya faɗo, ko tsohuwar tasha ko gefen makaranta, sai a zuba shaguna masu ƙofar ƙarfe a sayar wa mai kuɗi, su koma na waya da atamfa. Mai kayan miya ba zai iya kama irin wannan shago ba, sai ya koma bakin kwata, nan ma a zo a kore shi don ya tare hanya. Da za a ce kowace mazaɓa ta ware rumfa goma mai inuwa da famfo, a ba masu teburin da dama suke unguwar ba tare da haya ba, bisa sharaɗin sayar da kaya shida ko bakwai a kan farashin da za a riƙa rubutawa a allo duk mako bisa na 'Yankaba, da an rage hanya. Idan goman nan suka haɗa kuɗi, mota guda za su ɗauko kai tsaye daga Kwanar Gafan ko Kura, maimakon kowa ya hau a-daidaita-sahu da rabin kwandonsa. Haɗarin a bayyane yake: rumfunan su zama rabon 'yan siyasa, a ba yaran kansila su kuma su sayar. A Belo Horizonte ma abin da ya tsare shirin shi ne takara a fili da ƙwace wurin wanda ya saɓa. In ba za a iya wannan ba, gara kada a fara.

Ruɓewa ce ɗaya babbar ɓarakar. Ana ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya ba ya isa tukunya. Kwandon gargajiya na da hannu a ciki, don idan aka ɗora wani kan wani na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin. Akwatin roba mai cin kilo 25 yana hawa kan ɗan uwansa ba tare da ya taɓa kayan ba, matsalarsa tsada da kuma kuɗin dawo da shi fanko, abin da ke da wuya a tafiyar Legas amma ba komai ba ne tsakanin Kura da Kurna. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, yana gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, a farkonsa Naira 100 ake biya kan kowane akwati a kwana, kayan da ke lalacewa a kwana biyu su kai mako uku. Akwai ma dabarar da ta fito daga maƙwabta. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya: a saka ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan na tashi yana tafiya da zafin. Ta fi aiki a bazara da hunturu lokacin da iska ta bushe, da damina ƙarfinta raguwa yake. Duk da haka abin mamaki ne a ce da wuya ka ga ko ɗaya a gefen teburin mai kayan miya a garin da ke da magina tukwane.

Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a yini, an sa ran za ta shanye rarar kaka. A shekarar ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki, kuma tun daga nan masana'antar ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe saboda rashin isasshen kaya a farashin da ya yi wa ɓangarorin biyu. Ga matar Rimin Kebe, kauɗa mai tsabta da aka shanya a kan raga maimakon a ƙasa cikin ƙura ta fi kusa da ita.

Sai lambunan cikin gari, waɗanda labarinsu ke da daɗi da ɗaci. Ganuwar Kano ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya shigo a 1851 ya tarar da fili mai faɗi na gonaki a cikinta. Ragowar wannan al'ada ita ce latas da alayyahu da lansir da ake nomawa a gefen rafin Jakara da na Getsi, ganye mafi kusa da talakan birni kuma mafi araha, tunda ba ya hawa babbar mota. Amma Jakara ruwan kwatar tsohon gari take kwasa, Getsi kuma ta biyo ta unguwar masana'antu ta Bompai, kuma binciken masana, har da na Jami'ar Bayero, ya sha samun dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwan da ƙasar da ganyen. Korar manoman ba za ta tsabtace rafin ba, sai dai ta raba unguwanni da ganyensu, dama gine-gine na cinye filayen kaɗan-kaɗan tunda yawancin manoman ba su da takardar mallaka. Abin da ya dace shi ne a tilasta wa masana'antu tace ruwansu kamar yadda doka ta ce, a haƙa wa manoman rijiyoyin burtsatse, a kuma shata filayen a taswirar gari a matsayin lambu don kada a wayi gari an yanka su fuloti. Shawarar kowa ya shuka zogale a gidansa tana da kyau ga mai tsakar gida. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, inda ko wurin shanya sai an yi rigima, ba ta shafe shi ba.

Gidan abincin jama'a kuwa Kano tana da shi tun kafin Burazil ta yi tunaninsa, sai dai ba gwamnati ce ta gina ba. Mai ƙosai da kunu, mai ɗan wake, mai dambu, mai awara da ta mayar da waken suya naman talaka, mai kwaɗon rama da ke aiko yarinya da roba a ka, su ne ke ciyar da ɗan dako da almajiri da ɗalibi. Su ne kuma ke sayen fasasshen tumatirin yamma da man da aka soya aka sake soyawa, don jarinsu iya nan ya tsaya. Duk wani tallafi da zai sa waɗannan mata su samu wake da ganye da mai mai kyau a farashin sari, da murhu mai rage cin gawayi, zai shiga cikin mutane fiye da rabon shinkafar da ake yi gaban kyamara. Shirin ciyar da 'yan firamare na tarayya da aka fara a 2016 a kan Naira 70 kowane yaro ya ɗauki irin waɗannan mata aiki, kafin a dakatar da shi a Janairun 2024.

Kuma ba a ce gwamnatin jiha ba ta iya dafa wa jama'a abinci ba. Duk azumi ana buɗe cibiyoyin ciyarwa a cikin birni, a ɗauki masu girki, a sayi itace da tukwane, a yi layi a karɓa, ranar sallah a naɗe tabarma sai baɗi. Kasafin Jihar Kano na 2025 ya haura Naira biliyan 700. Kashi 2 cikin 100 na wannan ya kai biliyan 14. Kasafin jiha da na birni ba ɗaya ba ne, jiha na da ƙananan hukumomi 44 a wuyanta, amma ko rubu'in wannan kuɗi aka ware zai gina rumfuna da ɗakunan sanyi a mazaɓun ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, ya kuma bar wasu daga cibiyoyin azumin a buɗe duk shekara, ana sayar da kwanon shinkafa da wake da ganye a kan kuɗin da mai tura kura zai iya biya. Kafin a kai ga kuɗin ma akwai tambayar da ta riga shi: tsakanin ma'aikatar gona da ke tsayawa a bakin gona, da ta lafiya da ke jira a asibiti, da ƙaramar hukuma da ke yankar rasit, wane ofishi ne za a je a tambaya idan kashin tumatir na ɗari biyu ya koma ƙwaya biyu a watan Yuni?